Dogo a Dama, Ƙarami a Hagu

Autata ce ta shigo mini kwanan baya da wasu 'yan kunne manne a jikin kwali, ɗaya dogo mai reto, ɗaya ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa. Ta ce in duba, ashe na riga duniya, irin nawa ake yayi yanzu. A waya ta gani ta aika, aka kawo mata har ƙofar gida. Na karɓi kwalin na juya shi a hannuna, na ce sun yi kyau, na miƙa mata abinta. Ban gaya mata cewa a zamaninmu ba a sayar da irin wannan a haɗe ba, kuma ni ba don ado na fara saka su ba. Ta san kunnena na hagu ba ya ji, duk 'ya'yana sun sani, amma yadda abin ya faro ba su taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa zama na ba su labari ba. Yanzu ga na daman, wanda shi kaɗai ya riƙe ni shekara da shekaru, ya soma gajiya. Sai an maimaita mini magana, sai na kalli bakin mutum. Shi ya sa nake so in faɗi abin da na ji a garin nan tun sautinsa bai gama dushewa a kaina ba.

A unguwar Kwararafa a nan Jos aka haife ni, aure ya kai ni Anguwan Rogo, gidan wani tela mai sanyin hali wanda ya zama uban 'ya'yana. Gida ne irin na da, zaure a gaba, nan shagon ɗinkinsa yake, sai tsakar gida mai faɗi da rijiya a gefe, ɗakuna sun kewaye ta. Abin da na fi tunawa da gidan ba kamanninsa ba ne, ƙararsa ce. Da asuba, cikin sanyin Jos ɗin nan mai shiga ƙashi, masallatai uku ne ke kiran salla, wannan bai sauke ba wancan ya ɗauka, har ina iya gane ladanin da mura ta kama. Daga nan sai guga ya fara bugun bangon rijiya, sai tsintsiya, sai turmi. Hantsi na yi keken ɗinki zai ɗauka daga zaure, irin wanda ake takawa da ƙafa, yana da wata tafiya tasa, in ya tsaya nakan san maigida ya yi baƙo ko zare ya tsinke. 'Yan achaba na ta hon a bakin titi, mai kalanzir na wucewa da kiransa, mai gwanjo da nasa. Ranar Lahadi in iska ta juyo, ƙararrawar coci kan iso mu daga nesa, siririya, da ita muke gane lokacin ɗora sanwa ya yi. Da damina kuwa in ƙanƙara ta sauko a kan kwanon rufi, dole kowa ya yi shiru, don ko ihu ka yi ba mai ji, yara su fita da kwanuka suna tsinta. Yau in na zauna a tsakar gida janareto nake ji, da wayar wannan da wayar wancan, kowa da abin da ya toshe kunnensa da shi da gangan. Ni da aka toshe mini ɗaya ban roƙa ba, abin yana ba ni mamaki.

Mahaifiyar maigida tana gidan, Inna muke ce mata. Tsohuwa ce doguwa, ba ta da yawan magana. A barikin masu haƙar kuza aka haife ta lokacin da iyayenta suka zo neman abinci, kuma ta tashi da horon mutanen da: in babba ya kira ka sau ɗaya, ka amsa kafin ya rufe baki. Takan ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wurin zamanta ɗaya ne, tabarma a ƙofar ɗakinta, da carbi da 'yar rediyo, daga nan take ganin kowa. Ni kuma aikina ya fi yawa a bakin rijiya da madafa, wanke-wanke, wankin kayanta da na maigida, tankaɗe, da gyaran acca in za a yi gwate, wadda sai ka rege ta har bayanka ya ƙage kafin yashi ya fita. Duk inda na tsuguna a wuraren nan biyu, Inna tana hagu da ni. Ban taɓa lura da haka ba sai daga baya. Watannin farko lafiya lau muka zauna. Tana kirana 'yar nan, ina amsa na'am tun kafin ta ƙarasa, har na taɓa jin ta tana gaya wa wata baƙuwa cewa duk da na yi boko har sakandare, iyayena sun ba ni tarbiyya.

Ban cika shekara a gidan ba zazzaɓi ya kwantar da ni, irin mai sanƙarar da wuya. Kwanakin da na yi a asibiti ba na iya tuna su sosai, sai fuskar mahaifiyata da ta maigida suna zuwa suna tafiya. Allah ya tashi kafaɗata, aka yi ta barka, ana cewa na auna arziki. Bayan na dawo gida da kamar mako guda, wata safiya na farka na ga haske ya shigo ta taga, maigida har ya dawo daga masallaci, ni kuwa kira ko ɗaya ban ji ba. Na ɗaga kaina daga matashi, sai ga ƙarar guga da tsintsiya sun shigo gaba ɗaya. Na mayar da kunnen dama kan matashin, duniya ta ɗauke. Na ɗago, ta dawo. Na yi haka ya fi sau goma. Na sosa na hagun, na ɗiga masa mai, na jira kwana da kwanaki ko zai buɗe. Bai buɗe ba, har yau.

In na tuna yanzu, ina mamakin abin da ya hana ni faɗa. Amma yarinta ce, da kuma abin da idona ya gani. A layinmu na Kwararafa akwai wata baiwar Allah da ba ta ji, kyakkyawa, mai tsafta, amma ba wanda ya damu da sunanta, kurma kawai ake ce mata, yara na bin bayanta suna kwaikwayon hannunta. Na ga kaina a cikinta. Na ce ni amarya ce, ko ɗa ban ajiye ba, in suka ji an kawo musu mai naƙasa me za su ce? Sai na ja bakina na yi shiru. Na koyi karkata kai kamar mai gyaran ɗankwali, na koyi murmushi a inda ban ji ba, na koyi cewa to ga maganar da ban san kanta ba.

Amma a bakin rijiya dabara ba ta aiki. Ruwa na zuba, kwanuka na ƙara, Inna na kira daga hagu da muryarta da ba ta ɗagawa. Sau da yawa sai in juyo don wani abu in tarar tana kallona, leɓenta a tsuke. In na tambaya ko ta yi magana, sai ta ce a'a, in ci gaba da aikina. Ta daina ce mini 'yar nan. Ta koma tashi da kanta, da ciwon gwiwarta, ta ɗebi ruwan alwala. Maganar ta fita har maƙwabta, wai amarya ta warke da girman kai, bokon da aka ɓoye ya fito. Ranar da abin ya kai maƙura, ƙanwar Inna ce ta taso takanas daga Bukuru don ta duba jikina. Ta tsaya a kaina ina wanki, ta yi sallama sau uku, ta yi mini sannu da jiki, ni kuwa ina ta cuɗa riga ina 'yar waƙata a hankali. Ta ajiye dankalin da ta kawo mini a ƙofar Inna, ko ruwa ba ta sha ba ta juya. Ni ban ma san ta zo ba.

Da yamma maigida ya rufe shago da wuri ya shigo. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, kuma hakan ya fi zafi. Ya ce Inna ta yi hawaye, abin da bai gani ba tun rasuwar mahaifinsa. Ya tambaye ni ko an yi mini wani abu a gidan, ko kuwa zaman ne ba na so. Na ce ba komai. Ya ce to in ba komai, ranar Lahadi zai kai ni Kwararafa in huta wurin iyayena, in manya sun zauna sun ji abin da ke raina sai a san abin yi. Duk matar da ta yi aure ta san ma'anar irin wannan hutun. Maganar tana bakina, Allah ya sani tana bakina, amma na ga in na faɗa a lokacin za a ce ƙirƙira na yi don in tsira. Na ce to.

Ranar Asabar Maman Tagwaye ta zo. Mai kitso ce daga Jos Jarawa, Kirista, 'yar asalin duwatsun nan, gajeriya mai faɗin kafaɗa, kullum da jakarta mai tsinken kitso da mataji da man kaɗanya. Ta shekara da shekaru tana shiga gidajen Anguwan Rogo duk Asabar, ita ta yi wa ƙannen maigida kitson aure, ta san abin da ke tukunyar kowa. Da Kirsimeti takan aiko mana da shinkafa da cincin, da Babbar Salla mu aika mata da nama. Hausarta irin ta garin nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne a wurinta, har Inna. Kuma bakinta ba ya hutawa, muddin kai na hannunta labari na fita.

Inna ce ta ce a yi mini kitso, kada in koma gidanmu da kai a tsefe a ce sun wulaƙanta ni. Muka zauna a inuwar ɗakina, ita a kan kujera, ni a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Tana ɓangaren dama muna hira, ina amsa mata, har ta sa ni dariya duk da abin da ke raina, da labarin wani ɗan achaba da ya ɗauko akuya ta cinye masa hula. Da ta kwantar da kaina kan cinyarta don ta kama ɓangaren hagu, kunnen daman ya danne, komai ya ɗauke. Ina jin motsin maganarta a jikinta, amma ko kalma ɗaya ba ta iso ni ba. Ina ta cewa uhm a inda na ga ya dace. Can sai na ji hannunta ya tsaya. Ta ɗago kaina, ta juyo da fuskata, ta dube ni da kyau.

"Amarya," ta ce, "yanzu na gaya maka kunama yana hawa zaninka, ka ce mini uhm."

Na zabura na kakkaɓe zanina. Babu kunama. Ta kama haɓata ta taɓa kunnen hagun da yatsa.

"Wannan ya mutu, ko? Tun yaushe?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na gaya mata komai a hankali, fuskata a cinyarta don kada a gani, har da maganar Lahadi. Ta bar ni na gama. Ta ce ƙanenta ma ciwon nan ya taɓa kama shi, shi duka biyun ya tafi da su, ni in gode wa Allah da ya bar mini ƙofa ɗaya. Ta ce in tashi yanzu in gaya wa Inna. Na ce ba zan iya ba, bakina ba zai buɗu a gabanta ba. Ta yi tsaki ta ce mu dai wata rana kunya ce za ta kashe mu. Daga nan ta ƙarasa kitson ba ta ƙara cewa uffan ba, abin da ban taɓa gani a wurinta ba.

Da ta gama ta goge hannunta, ta kai shi kunnenta ta ciro ɗan kunnenta guda. Dogo ne, na tagulla, da ɗan dutse shuɗi a ƙarshensa, ba wani mai tsada ba. Ni kuma ina sanye da barima na cikin lefena, 'yan ƙanana masu kwanciya a jikin kunne. Ta cire na dama ta damƙa mini a hannu, ta saka nata a wurin, ta bar na hagun yadda yake. Ta ja baya ta karkata kai tana dubana kamar yadda take duba kitso in ta gama.

"Dogon ƙofa a buɗe, ƙaramin ƙofa a rufe. Wanda yake son magana da kai, ya bi ta inda yake lilo."

Na ce ai dariya za a yi mini, a ce zazzaɓin ya taɓa ƙwaƙwalwar amarya. Ta ce in 'yan kunne biyu sun kusa yin kama, kowa zai ce kuskure ne, cikin duhu aka yi shiri. Amma in sun yi nisa da juna sosai, kowa zai san da gangan ne. Ta ce kuma in ɗaga kaina, don abin da ka saka kana sunkuyar da kai shi ake yi wa dariya. Ta kama hannuna ta ja ni har gaban tabarmar Inna, ita kanta da kunne ɗaya fayau.

Ta durƙusa, ni ma na durƙusa a bayanta. Ta ce wa Inna ta dubi kunnen amaryarta. Inna ta duba, ta ce wannan kuma wane sabon iyayi ne. Maman Tagwaye ta faɗa mata tiryan-tiryan, har da labarin kunamar. Inna ta daɗe tana jan carbi, idonta a kan rijiya, ya koma kan madafa, ya dawo kan tabarmar da take zaune, kamar mai auna fili. Na ga lokacin da abin ya zauna mata. Ta ce in matso, in juyo mata da dogon. Ta sunkuyo daidai kunnena, har ina jin ƙamshin goron bakinta.

"'Yar nan, wata nawa kina ɗauke da wannan ke kaɗai?"

Na ce biyar. Ta ce, "Allah ya yafe mana." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma daga bakin mace irin Inna ya fi dogon ban haƙuri.

Washegari, Lahadin da za a kai ni gida, na fito da sassafe na tarar tabarmarta ba ta ƙofar ɗakinta. Ta ja ta zuwa ɗaya gefen tsakar gidan, gindin bango kusa da turken awaki, inda rana ba ta isowa sai hantsi ya dubi ludayi, wuri mai sanyi ga mai ciwon gwiwa. Daga nan tana dama da rijiya, tana dama da madafa. Ta kira ni sau ɗaya, na amsa. Har ta bar duniya a nan take zama, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar Kwararafa. Maigida da ya ji, ya shigo ya zauna a bakin gado, ya ce da na gaya masa ai da ya mayar da ni wurin likita tun da wuri. Ya kai ni ɗin, aka duba aka ce babu abin da za a iya yi. A hanyar dawowa na ga ya zagayo ya koma damana, kuma tun daga ranar ban sake tafiya da shi yana hagu ba, ko a cikin cunkoson kasuwa ne. Ƙanwar Inna kuwa, Inna da kanta ta shiga mota ta je Bukuru ta wanke ni.

Bayan kwana biyu Inna ta kira ni ɗakinta, ta buɗe akwatin ƙarfenta ta warware wani ƙullin tsumma. Ɗan kunne ne guda ɗaya na zinari, tsohuwar ƙira, dogo mai kama da ɗigon ruwa. Ta ce mahaifiyarta ce ta ba ta su biyu, ɗan'uwansa ya faɗa mata a kududdufin kuza tana budurwa, garin wanki, ta yi kuka har idonta ya kumbura. Sau biyu tana shirin kai wannan wurin maƙeri ya narkar, zuciyarta ta ƙi. Ta ce ashe mai shi yake jira. Asabar ta zagayo na miƙa wa Maman Tagwaye nata na tagullar, ta ƙi karɓa, ta ce abin da ya shiga kunnen amarya ba ya dawowa.

Bikin farko da na je a haka na wata maƙwabciyarmu ne. Na saka atamfa mai ruwan ganye da maigida ya ɗinka mini, zinarin Inna a dama, barima a hagu, na karkata ɗaurin ɗankwali ya sauko kaɗan ta hagun ya bar daman a fili. Na shiga, na ɗaga kai kamar yadda aka ce mini. Aka yi ta kallona. Wata dattijuwa ta tausaya mini ta zo ta raɗa mini cewa na yi kuskure, sai dai a kunnen hagu ta raɗa, na yi mata murmushi na ce na gode, sai daga baya aka gaya mini abin da ta ce. 'Yan mata kuwa suka zagaye ni suna tambaya daga ina na kwaso wannan, Legas ko Saudiyya. Inna tana zaune cikin tsofaffi ta amsa musu, ta ce na gidanmu ne.

Kafin wata ya zagayo abin ya cika layinmu. Ashe kowace mace tana da gwangwanin marayun 'yan kunne, waɗanda 'yan'uwansu suka ɓace a biki ko a rijiya, an kasa sakawa an kasa zubarwa. Duk suka fito. 'Yan mata suka sa wa yayin suna bi-ta-dama, ƙawaye na musanya da juna, wasu na yi daidai, wasu na kwaɓawa su fito kamar waɗanda aka kora daga barci. Sai suka koma kawo mini gwangwanayensu ranar Asabar, su zazzage a kan faranti in haɗa musu. A nan na gane abin yana da ƙa'idarsa. Ruwan zinari da ruwan zinari yake tafiya, azurfa da azurfa. Dutsen dogon ya ɗauko launi ɗaya daga jikin atamfa, ba duka ba. In dogon ya yi nauyi, sarƙa ta zama siririya ko a haƙura da ita, kada wuya da kunne su yi ta gardama. Maman Tagwaye kuma ta ƙirƙiro kitson da ke kwanciya gefe guda ya bar wa dogon fili. Waɗannan Asabar ɗin su ne ƙuruciyata. Tsakar gida cike, 'yan matan Anguwan Rogo da 'yan'uwan Maman Tagwaye da ta fara zuwa da su, kaset na juyawa in an kawo wuta, gyaɗa na soyuwa, ita tana kitso tana zuba labari, ni ina tsintar 'yan kunne, Inna daga gindin bango tana cewa wancan bai yi ba, a canza. Yayin ya yi zamaninsa ya wuce kamar kowane yayi, ni na zauna a kansa. Kuma a unguwar ba wanda ya taɓa ce mini kurma, mai dogo ɗaya ake ce mini.

Sannan garin ya fara tsagewa. Ba zan shiga labarin ba, duk wanda ya zauna a Jos a shekarun nan yana da nasa, kuma ba wanda nasa ya yi daɗi. Bayan tashin hankalin farko Maman Tagwaye ta ci gaba da zuwa, sai dai ita kaɗai, kuma kafin la'asar ta tattara jakarta. Da aka sake yin wani, Inna da bakinta ta roƙe ta ta zauna a gida sai ƙura ta lafa. Ƙurar ta lafa, hanyar ba ta buɗe ba. Ba wanda ya gina katanga, amma kowa ya san inda ƙafarsa ke tsayawa. Ita ba ta riƙe waya, ni kuma ban san ƙofar gidanta ba, don duk shekarun nan ita ce mai zuwa, ban taɓa tunanin wata rana zan buƙaci sani ba. Inna ta rasu ba ta nan. Na haihu sau uku wasu suna yi mini kitson jego.

Na sake ganinta sau ɗaya, bayan na aurar da 'yata ta fari. Ina tsugune a kasuwa wajen Taminus ina zaɓen kabeji, sai na ga wata tsohuwa da sanda, wata matashiya na riƙe da hannunta, ta tsaya tana kallon kunnena. Ba ta yi magana daga inda take ba. Ta zagaye tulin kabejin a hankali, ta ratsa ta bayan mai kayan, sai da ta zo damana sannan ta buɗe baki.

"Amarya, ka tsufa."

Muka riƙe hannun juna muka kasa saki. Na gaya mata Inna ta rasu, ta ce ta ji, har ta ɗaura ɗankwali za ta zo gaisuwa 'ya'yanta suka tare ƙofa, sai a ɗaki ta yi mata addu'a. Ta nuna mini hannunta yana rawa, ta ce ta ajiye tsinke. Amma sai da ta tura yatsa ƙarƙashin ɗankwalina ta shafa kitson da ke kaina, ta tambayi wane mugu ne ya yi mini wannan aika-aikar. Muka yi dariya har mai kabeji ya taya mu. Na ce ta zo ranar Asabar, ta ce ni in zo, kowa ya ce to. Matashiyar, wadda ashe ɗaya ce cikin tagwayen, ta karɓi lambata tana duban rana.

Na shiga keke, mai keken ya yi kwana don ya hau hanyarmu, sai ta koma hagu da ni, a tsallaken titi. Na ga ta ɗaga sandarta tana kiran wani abu, magana ce doguwa, bakinta na ta motsi. Na juyo da kaina gaba ɗaya don in ba ta kunnen dama, wata babbar mota ta shiga tsakaninmu. Na ce wa mai keken ya tsaya. Kafin ya samu wurin tsayawa, jama'a sun haɗiye su.

'Yar tata ta kira ni sau ɗaya, bayan shekara, don ta gaya mini an binne Mama. Bayan na yi mata gaisuwa na tambaye ta ko ta tuna abin da mahaifiyarta take faɗa mini ranar nan a bakin titi. Ta yi tunani, ta ce in yi haƙuri, ba ta riƙe ba, ai na san Mama da magana. In na zauna ni kaɗai nakan gwada cike wurin da kaina. Wata rana in ce kitson take ƙara zagi, wata rana in ce kwatancen gidanta take yi mini. Ban sani ba. Tana dariya dai lokacin da take faɗa, wannan kam da idona na gani.